Kiɗan gareji da ɗanyen sauti: abin da ake nufi idan mata biyu suka riƙe jita da ganguna

Mai bibiyar sharhin kiɗan Turawa a intanet zai riƙa cin karo da wani laƙabi da ake liƙa wa wasu makaɗa: a ce suna yin "gareji buluz rok", kuma sautinsu ɗanye ne. An fi faɗin haka kan ƙungiyar mutum biyu, ɗaya da jita da waƙa, ɗaya a bayan ganguna. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau mata sun yi fice a wannan tsari, irin su Mr. Airplane Man ta birnin Boston, da The Pack A.D. ta Vancouver a Kanada, da Deap Vally ta Los Angeles. Kunnen da ya saba da waƙar situdiyo mai santsi, idan ya ji su karon farko, yakan ɗauka sifikar ce ta fashe. Lafiyar sifika ƙalau. Haka makaɗan suka so a ji su, kuma kowace ƙara a ciki tana da asalinta.

Garejin dai shi ne wanda aka sani, ɗakin ajiye mota. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an gina ɗimbin unguwanni a gefen biranen Amurka, gidaje da yawa da gareji a manne. A watan Fabrairun 1964 The Beatles suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan, mutum fiye da miliyan 70 suka kalla, sai samari suka yi ca a kan shagunan jita. Iyaye ba za su yarda a cika musu falo da ƙara ba, don haka aka tura yaran gareji. Ɗaki ne mai daɓen siminti, ba labule ba darduma, sauti ya daki bango ya dawo. Yaran ba su ƙware ba, kamun tsirkiya uku ko huɗu suka iya, kayan kiɗansu na araha ne. In sun tara 'yan kuɗi sai su kama ƙaramin situdiyo na awa ɗaya ko biyu, su buga tare a lokaci guda, abin da ya fito shi ke nan.

Tun kafin wannan guguwa ma an riga an ga alama. A 1963 wasu samari a birnin Portland, The Kingsmen, suka ɗauki waƙar "Louie Louie" cikin gaggawa. Mawaƙin ya shigo da baiti kafin lokacinsa ya dakata, mai ganga ya rufa masa asiri da ɗan kiɗa, aka bar kuskuren a faifai. Kalmomin ba sa fita sosai, har hukumar FBI ta yi bincike ko akwai batsa a ciki, ta ƙare ba ta gano komai ba. Waƙar ta yi kasuwa sosai. A Tacoma kuma The Sonics suna ƙure na'ura da ihu har allurar ma'auni ta shige ja. A lokacin babu mai kiran wannan da kiɗan gareji. Marubuta sharhi ne suka raɗa sunan a farkon shekarun 1970, musamman bayan Lenny Kaye ya tattara irin waɗannan waƙoƙi a kundin Nuggets a 1972.

Buluz ya girmi wannan duka, kuma shi ne ƙashin bayan abin. Kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne, jikokin bayi, wanda ya bayyana wajen ƙarshen ƙarni na 19. Mawaƙi ya faɗi layi, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku da zai warware maganar. Murya tana lanƙwasawa ta sauka a tsakanin sautuka, a wuraren da fiyano ba ta da maɓalli. W. C. Handy ya ba da labarin yadda wajen 1903, a tashar jirgin ƙasa ta Tutwiler da ke Misisipi, ya ji wani mutum yana goga wuƙa a kan tsirkiyar jita tana kuka kamar muryar mutum. Wannan gugar, da wuƙa ko wuyan kwalba ko bututun ƙarfe a yatsa, har yau ita ce alamar da ake fara gane buluz da ita a cikin kiɗan gareji. Margaret Garrett ta Mr. Airplane Man a kanta ta gina salonta, kuma sunan ƙungiyar ma daga wata waƙar Howlin' Wolf aka ɗauko shi.

Amma reshen buluz da ya fi shiga jinin waɗannan ƙungiyoyi shi ne na tuddan arewacin Misisipi, yankin R. L. Burnside da Junior Kimbrough. Su ba su damu da yawan sauya kamun tsirkiya ba. Makaɗi zai kama take ɗaya gajere ya yi ta juya shi minti biyar, minti bakwai, har jiki ya fara rausaya da kansa. A shekarun 1990 kamfanin Fat Possum na garin Oxford a Misisipi ya fitar da faya-fayan waɗannan dattawa ba tare da goge su ba, samari da 'yan mata masu son kiɗan fank (punk, wato rok mai sauri da zafi) suka ji, suka gane ashe ga abin da suke nema tun da daɗewa. A nan buluz da gareji suka haɗu sosai.

Akwai abin da zai sa kunnen Bahaushe ya ji wannan bai yi masa baƙo ƙwarai ba. Masanin kiɗa Gerhard Kubik, a nazarinsa kan asalin buluz, ya danganta salon waƙar mutum ɗaya da abin tsirkiya, mai murya a lanƙwashe, da yankin da ke kudu da Sahara a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har ya kawo misali da gogen Hausa. Ban da haka, a kiɗanmu ba a ɗauki zuza a matsayin aibu ba. Da gangan ake maƙala ƙarfe mai zobba a wuyan garaya domin ya riƙa kaɗawa, da gangan ake ɗaura zare a fatar ganga domin ta yi ƙara. Makaɗin jitar lantarki da ke neman sautinsa ya yi kaushi yana bin irin wannan sha'awa ce ta wata hanyar.

To ina kaushin yake fitowa? Jitar lantarki ita kaɗai muryarta ƙarama ce. Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya yana mayar da girgizarta siginar lantarki, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, sifika ta fitar. Kowace amfilifaya tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. In aka tura mata fiye da haka, sai ta datse kan igiyar sautin sama da ƙasa, igiyar da take a lanƙwashe ta koma mai kusurwa. Datsewar nan tana haifar da wasu ƙananan sautuka a saman na asali, kuma su ne kunne ke ji a matsayin gurnani ko zuza. Tana kuma sa sauti ya daɗe bai mutu ba, tsirkiya ɗaya ta cika ɗaki. Injiniyoyin farko sun ɗauki wannan a matsayin lalacewa, suna ta ƙoƙarin kawar da shi. Makaɗa ne suka ce a bar musu.

A 1951, a situdiyon Sam Phillips da ke Memphis, ƙungiyar Ike Turner ta iso da amfilifayar mai jitarsu Willie Kizart wadda ta lalace a hanya. Aka cusa takarda a cikin sifikar aka ɗauki "Rocket 88" a haka, zuzar ta zama abin da ake tuna waƙar da shi. A 1958 Link Wray ya huda sifikarsa da gangan. A 1964 Dave Davies na The Kinks a Landan ya tsaga tasa da reza. Kafin nan, a 1962, kamfanin Gibson ya riga ya fitar da wani ɗan akwati mai suna Maestro Fuzz-Tone, wanda ake takawa da ƙafa ya ba da wannan sauti ba sai an ɓata kaya ba, sai dai bai samu kasuwa ba sai a 1965 da The Rolling Stones suka yi amfani da shi. Daga baya Big Muff na kamfanin Electro-Harmonix ya zo, mai gurnani mai kauri, kuma da wuya ka leƙa ƙarƙashin ƙafar mai jitar gareji ba ka ga shi ko ɗan'uwansa ba.

Kaushin jita rabin maganar ne. Ɗaya rabin yana wajen yadda ake ɗaukar sauti. A situdiyon zamani ana ɗaukar kowane abin kiɗa shi kaɗai, mai ganga yana bin ƙarar agogon kwamfuta a kunnensa don kada ya yi sauri ko ya yi jinkiri, duk bugun da ya kauce a ja shi da linzamin kwamfuta a mayar da shi gurbinsa, murya kuma a daidaita ta da Auto-Tune, manhajar da ta fito a 1997 wadda duk mai sauraron waƙoƙin finafinan Hausa ya san aikinta. Wannan shi ne dafaffen sauti, an tace, an sa gishiri daidai. Ɗanye kuwa shi ne wanda aka kawo yadda aka tsinko shi: makaɗan suna ɗaki ɗaya, makirfon ganga yana jin jita, na jita yana jin ganga, ba yadda za a gyara ɗaya a bar ɗaya. Ana jin numfashin mawaƙiya kafin ta ɗaga murya, ana jin yatsa yana zamewa a tsirkiya, ana jin kukan sifika idan jita ta matso kusa da ita. Kiɗan yana ƙara sauri idan amshi ya zo, domin zuciyar mai ganga ta ƙara bugawa. The White Stripes, ƙungiyar mutum biyu ta Jack White mai jita da Meg White mai ganga, sun ɗauki kundinsu Elephant, wanda ya fito a 2003, a situdiyon Toe Rag na Landan da tsofaffin na'urorin tef, suka rubuta a jikin faifan cewa ba a taɓa kwamfuta ba wajen aikin. The Black Keys kuma a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan mai gangarsu, a Akron ta jihar Ohio, suka ɗauki faya-fayansu na farko.

Yanzu batun mutum biyu, wanda a ganina nan ne zuciyar abin. Ƙungiyar rok da aka saba tana da mutum huɗu ko biyar, kuma a cikinsu akwai mai jitar bes, wadda tsirkiyarta mafi kauri take girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa, rabin na jita da ke kusan 82. Bes ita ce ke ɗinke ganga da jita, ita ke cika ƙasan kiɗa, kuma ita ke rufe ƙananan kurakurai. In aka cire ta sai a bar rami. Duk fasahar ƙungiyar mutum biyu tana cikin abin da za a yi da ramin nan.

Wasu suna cike shi da dabara. A sassauta tsirkiyoyi su sauka ƙasa. A raba siginar jita gida biyu, ɗaya ta tafi amfilifayar jita, ɗaya ta bes. A taka akwatin da ke sauke sauti zuwa rabin girgizarsa. Taken nan da ake rerawa a filayen ƙwallon ƙafa na Turai, na "Seven Nation Army", wanda kowa ke ɗauka bes ce, jitar Jack White ce aka sauke ta haka. Mai ganga ita ma aikinta yana sauyawa: ta fi dogara da babbar gangar ƙafa da ta ƙasa mai kauri, ta rage ƙawa, domin ita ce yanzu ƙasan kiɗan. Wasu kuma suna barin ramin a buɗe, kuma wannan ya fi burge ni. Jita ta buga take ta yi shiru, ganga ta amsa, murya ta shigo ita kaɗai a sarari. Kira da amsa ne irin na buluz tun asali, sai dai yanzu da wutar lantarki. Idan mutum biyu ne kawai, ba mai jiran umarnin kowa. Ɗaya ta kalli ɗaya, a tsawaita waƙa ko a yanke ta nan take. Kuma ba wurin ɓuya, wadda duk ta yi sanyi a cikinsu, zaure duka zai ji.

Rashin bes ɗin ma gado ne. Hound Dog Taylor na Chicago, wanda Bruce Iglauer ya kafa kamfanin Alligator a 1971 domin ya fitar da faifansa, da jita biyu da ganga yake kiɗa, tasa jitar kuma mai araha ce ƙirar Japan. The Gories na Detroit, da suka fara a 1986, su ma ba bes, kuma mace ce a kan gangunansu, Peggy O'Neill, wadda bugunta mai sauƙi da nauyi ya share hanya ga abin da Meg White ta zo ta yi a wannan birni daga 1997.

Ana yawan gabatar da mata masu irin wannan kiɗa kamar baƙi ne da suka shigo gidan maza. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Memphis Minnie tana cikin makaɗan buluz na farko da suka rungumi jitar lantarki a farkon shekarun 1940, kuma marubuci Langston Hughes, da ya gan ta a wani kulob na Chicago a daren shiga 1943, ƙarfin ƙarar jitarta na cikin abin da ya fi tsayawa a kai. Sister Rosetta Tharpe tana tura amfilifaya har ta yi kaushi a waƙoƙin coci tun rok bai samu suna ba, kuma hoton bidiyonta na 1964 a wata tashar jirgin ƙasa ta Manchester, cikin ruwan sama da doguwar riga da jita, yana nan ana kallo. A Detroit ta 1964 akwai The Pleasure Seekers, 'yan mata zalla, cikinsu har da Suzi Quatro. Wadda ta fi kusa da abin da muke magana kuwa ita ce Jessie Mae Hemphill ta arewacin Misisipi. Ta taso tana buga ganga a ƙungiyar sarewa da ganga irin ta kakanta Sid Hemphill, daga baya ta riƙa kaɗa jita tana taka tambarin kacau-kacau da ƙafa, ita kaɗai ta zama jita da ganga. Wanda ya saurare ta sannan ya saurari Mr. Airplane Man ba ya buƙatar a yi masa bayanin dangantakar.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda kalmar "ɗanye" take sauya nauyi gwargwadon wanda aka faɗa wa. Namiji ya buga abu mai sauƙi da ƙarfi, a ce ya zaɓi ya rage ne, gwani ne da ya san abin da zai bari. Mace ta buga irinsa, a ce iyakar iyawarta ke nan. Meg White ta sha wannan shekara da shekaru. Ko a 2023, shekaru 12 bayan rabuwar ƙungiyarsu, wani ɗan jarida ya rubuta a Twitter cewa da sun samu mai ganga na kirki da sun fi haka, sai da manyan makaɗa irin su Questlove suka fito suka mayar masa da martani, shi ma ya janye. Gaskiyar ita ce riƙe bugu ɗaya mai nauyi, da sanin inda za a yi shiru, da bin numfashin mai jita ba tare da agogo ba, aiki ne mai wuya. Sanya ƙwararren mai ganga mai yawan ado a waɗannan waƙoƙi zai cike ramin da ya sa suke da daɗi.

Deap Vally misali ne mai kyau na yadda abin yake a aikace. Lindsey Troy da Julie Edwards sun haɗu a 2011 a ajin koyon saƙa da kwarashi, Edwards ce malamar. Troy ta ɗauki jita da waƙa, Edwards ta hau ganguna tana amshi. Kundinsu na farko, Sistrionix, ya fito a 2013 ƙarƙashin kamfanin Island. Jitar Troy a ciki tana da kauri, takenta gajeru ne masu nauyi, muryarta tana tsagewa a sama ba a gyara ba, kuma waƙoƙin suna magana kai tsaye kan mace ta nemi kuɗinta da kanta, ta ƙi a mallake ta. Na biyu, Femejism na 2016, sun yi shi tare da Nick Zinner na Yeah Yeah Yeahs, an ɗan faɗaɗa sautin amma ramin bes yana nan. The Pack A.D., wato Becky Black da Maya Miller, sun fara a 2006 da buluz mai jan ƙafa, sannan a hankali suka karkata zuwa fank mai sauri, har kundinsu Unpersons na 2011 suka yi shi da Jim Diamond na Detroit, wanda ya yi aiki da The White Stripes a farkonsu. Wannan ya nuna laƙabin yana da faɗi: wata ƙungiyar ta fi nauyi ta ɓangaren buluz, wata ta ɓangaren gareji.

Sai dai a yi hattara, ɗanyen sauti ma ana ƙera shi. Yau akwai manhajojin da ke ƙara wa waƙa shacin tsohon tef da kaushin amfilifaya bayan an gama daidaita komai da kwamfuta, kuma kamfanonin talla sun daɗe da gano cewa irin wannan jita tana sayar da mota da wandon jins. Ni ba na ganin laifin amfani da na'ura, amma kunne yana iya bambancewa. Saurari gangar: in saurinta bai motsa ko kaɗan ba daga farko har ƙarshe, in kowane bugu ya yi daidai da ɗan'uwansa kamar an kwafa, to an dafa, an yayyafa ƙura a kai ne kawai. Saurari inda waƙa take tsayawa cak ta sake tashi, ka ji ko su biyun sun dawo tare da ɗan bambancin da ke nuna kallon juna suka yi. Bidiyon wasan kai-tsaye a ƙaramin zaure ya fi faifai faɗin gaskiya a nan.

Akwai kuma lissafin aljihu, wanda masu sharhi ba su cika ambata ba. Mutum biyu suna shiga mota ɗaya da kayansu duka, ɗakin otal ɗaya ya ishe su, kuɗin wasa gida biyu ake raba shi. Shi ya sa tsarin ya yi wa ƙananan makaɗa daɗi. Amma nauyin ma gida biyu ne kawai. In ɗaya ta kwanta ciwo ko ta haihu, ba wasa, sai dai a nemi mai riƙon ƙwarya, kuma kiɗan da aka gina kan fahimtar mutum biyu ba ya karɓar baƙo da sauƙi. Troy da Edwards duk sun zama iyaye a tsawon tafiyarsu. Bayan kundin Marriage na 2021, sun sanar a 2023 cewa za su rufe ƙungiyar, suka yi rangadin bankwana har cikin 2024, sun kuma sake ɗaukar kundinsu na farko daga tushe, suka fitar da shi da kansu a 2024 da sunan Sistrionix 2.0.